Tsoron Gidan Kaso Ya Hana Ni Neman Haƙƙin Sallamata

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon ka ba ni wuri a wannan fili in faɗi abin da ya same ni, amma a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. Lokacin da abin ya faru ina da aure da ƴaƴa huɗu, muna zaune a Tasawa, asalinmu kuwa wani ƙauye ne ta wajen Korgom. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ina karatu da rubutu, ina kuma tsintar Faransanci daidai gwargwado. Da wannan ɗan ilimin na samu aiki a wata cibiyar kula da yara masu tamowa, wadda wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe. Aikina shi ne tarbar uwaye, ɗora yara a sikeli, auna dantsensu da zaren nan mai kore da ɗorawa da ja, sannan in raba musu abincin gujiya da ke zuwa leda-leda cikin katan. In mai kula da sito ya yi tafiya, ni ake bar wa makulli. Na yi shekaru a wurin. Ƙarshen kowane wata a kira mu ɗaya bayan ɗaya, a ba mu albashi hannu da hannu, mu sa hannu mu fito. Ban taɓa cewa a ba ni wata takarda in ajiye ba. A ganina, wadda duk gari ke kira madam mai sikeli me za ta yi da takardar shaidar aiki?

Maigidana ɗan kabu-kabu ne. A shekarar da za a rufe cibiyar ya yi karo da amalanken jaki a hanyar Maijirgi, ƙafarsa ta karye, ɗorin kuma bai kama da kyau ba. Aka jingine moto, wato babur ɗinsa, a zaure, ɗawainiyar gida ta dawo kaina. Ban yi ƙorafi ba, tunda albashina na riƙe mu. Sai bayan kaka aka tara mu a tsakar cibiyar, wani mutum da ya zo daga Yamai ya ce masu ba da kuɗi sun janye, aiki ya ƙare. Ya ce amma kada hankalinmu ya tashi, kowane ma'aikaci za a biya shi haƙƙin sallama gwargwadon shekarun da ya yi, kuma ba da jimawa ba. Mun yi kuka a ranar, amma na koma gida da ɗan sanyi a rai. Tun a hanya na gama tsara yadda zan yi da kuɗin: in sayi firji in riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo, in kuma kai maigida wurin likitan ƙashi a Maradi a sake duba ƙafar.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Na fara jin labarin abokan aikina: an biya wance, an biya wane, har mai gadi ya samu nasa. Ni shiru. Ƙungiyar ta bar wani ƙaramin buro, wato ofis, a cikin gari, da mutumin da ke riƙe da sha'anin ma'aikata, wanda muke kira shef. Na fara zarya wurinsa. Zuwan farko ya ce dosiyena, wato takarduna, na Yamai. Na koma, ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na sake komawa, ya ce matsalar daga banki take. Kullum in gaishe shi da ladabi, in koma gida in ce wa maigida an kusa. Ranar da na matsa masa da tambaya, sai ya cire tabarau ya ce bari ya faɗa mini gaskiya: ni ba ma'aikaciya ba ce, benebol ce, wato ƴar sa kai, kuma abin da ake ba ni duk wata ba albashi ba ne, kuɗin sabulu ne. Ƴar sa kai kuwa ba ta da haƙƙin sallama.

Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi. Na ce masa ni da nake zuwa tun safe in tashi da la'asar, a rubuta ni in na makara, a yanke mini in na yi fashi, yau ni ce ƴar sa kai? Na ce na taɓa ji a rediyo akwai buron sufeton ƙwadago a Maradi, inda ma'aikaci ke kai kuka, kuma can zan tafi. Bai yi fushi ba. Tashi ya yi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna, ya sassauta murya. Maganar da ya faɗa har yau tana kunnena: "Madam, shawara nake ba ki don kina da ƙananan yara. Akwai katan-katan da suka ɓata a sito, ni na danne maganar. Kowa ya san makulli na kwana hannunki. In kika kai ƙara, su ma za su kai tasu, kuma tasu jandarmari za ta nufa kai tsaye." Ya ce in je in yi tunani, ya kuma ce in gaida mai jiki.

Ban san yadda na iso gida ba. Allah shi ne shaidata, ko leda ɗaya ban taɓa fita da ita daga siton nan ba. Amma wa zai yarda da ni? Su suna da takardu da lauyoyi da manyan motoci, ni ko shaidar albashi ba ni da ita. Na riƙa tuno ranakun da makulli ya kwana wurina, ina tambayar kaina ko na taɓa barin ƙofa buɗe, ko na taɓa yin kuskuren ƙirga, har na fara zargin kaina da laifin da na san ban yi ba. Na riƙa hango kaina a gidan kaso, maigida na jan ƙafa, yara na yawo gidan mutane, ana nuna su ana cewa ga ƴaƴan wadda ta saci abincin yara marasa lafiya. Wannan kunyar ta fi kason tsorata ni. Sai na rufe bakina. Maigida in ya tambaya, in ce dosiye na Yamai.

Daga nan rayuwata ta koma ta ɓoyo. Na daina bin hanyar da ta ratsa gaban jandarmari, in zan je kasuwa sai in yi zagaye mai nisa cikin rana. In baƙuwar lamba ta kira ni, in kashe waya. In aka yi sallama da muryar namiji a ƙofar gida, in shige ɗaki in ɓuya. Wata rana da hantsi ina daka, sai na ji ƙarar mota ta shigo lungunmu. Na leƙa ta katanga na ga motar jandarmomi ce. Na yar da taɓarya, na suri autata, na faɗa gidan maƙwabta ta baya, na shige makewayinsu na tsuguna, na toshe bakin yarinyar da hannuna don kada ta yi kuka. Na daɗe a nan. Ashe gaisuwar mutuwa suka zo yi gidan wani abokin aikinsu. Da maƙwabciyata ta same ni ta tambaye ni lafiya, na ce mata cikina ne ya murɗa.

Ana cikin haka bazara ta kama, hatsinmu ya ƙare, tiyar hatsi ta yi tsada. Muka sayar da moton, maigida ya juya fuska bango lokacin da ake fita da shi. Bayan ɗan lokaci muka jinginar da gonarmu ta ƙauye. Na shiga yin wankau, ina suyar ƙosai da safe, amma baki shida ba wasa ba. Da damina ta sauka, sau da yawa kwaɗon ganyen tafasa ne abincinmu. Nonona ya ƙafe saboda yunwa da tunani, dole na yaye auta tun lokaci bai yi ba. Ta fara zawo, ta daina wasa, gashinta ya yi laushi ya fara ja. Duk alamun nan ni na san su, su na yi shekaru ina nuna wa matan gari, amma na ƙi kallonsu a jikin ɗiyata. Na ce haƙora ne, na ce shawara ce. Sai wata safiya ina yi mata wanka na ga ƙafafunta sun yi sumul. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarta na ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Nan na zauna daɓas a ƙasa.

A gidan likita na tarar da wata ma'aikaciyar jinya da muka yi aiki tare a cibiyar, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta karɓi yarinyar, ta zagaya zaren awo a dantsenta, ya tsaya a ja. Ta dubi zaren, ta dube ni, ta ce ke da kanki? Sai na fashe da kuka. Bayan an ba mu gado an fara ba yarinyar madara, ta ja ni gefe ta ce sai na faɗa mata abin da ya cinye ni haka, tunda ta ɗauka ni ma an biya ni. Nan na buɗe bakina karo na farko. Na faɗa mata maganar benebol, na faɗa mata maganar katan-katan. Ta riƙe baki ta yi salati. Ta ce ranar da za a rufe cibiyar tana cikin waɗanda suka ƙirga kayan sito tare da mutanen Yamai, kuma ko leda ɗaya ba a rasa ba. Ta ce in ina so za ta maimaita wannan a gaban kowa.

Za ku yi zaton nan take hankalina ya kwanta, amma ba haka ba ne. Tsoron ya riga ya yi saiwa. Na ce mata wataƙila bayan ƙirgar aka gano, wataƙila akwai wata takardar da ita ba ta gani ba. Ta ce to ko ma mene ne, sai na faɗa wa mijina, in ba haka ba ita za ta faɗa masa. Da la'asar ya zo duba mu yana dogara sanda. Na zaunar da shi a ƙarƙashin itacen bedi na kwashe komai na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai yana ta tonon ƙasa da sandarsa. Na ɗauka faɗa zai yi a kan moto da gona. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja, sai ya ce: "Uwar yara, ashe duk watannin nan da wannan kike kwana kike tashi, ina gefenki ban sani ba? Da kin faɗa mini, ko da rarrafe da na raka ki Maradi." Ya ce in yarinya ta ji sauƙi in tafi, in kuma kamawa ce a haɗa da shi.

Kafin in tafi, Yaya ta ce mini akwai wata da ita ma ba a biya ba, wata dattijuwa da ke share cibiyar, ta koma ƙauyensu kusa da Maijirgi. Na je wurinta don mu tafi tare. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta ja ni cikin ɗaki ta saki labule, ta ce cikin raɗa in rufa mata asiri. Ashe ita ma shef ya ce mata akwai barguna da bokitai da suka ɓata, kuma in ta yi magana jandarmomi za su zo. Na ce Inna, ba ki ga magana ɗaya ya faɗa mana ba? Ta ce ta gani, amma ita ta tsufa, gara ta mutu da talaucinta da a ce an taɓa shiga da ita jandarmari. Ta roƙe ni kada in ambace ta a ko'ina. Na fito daga gidan ina jin tausayinta, amma a ranar na fara yarda cewa babu wasu katan-katan da suka ɓata.

Duk da haka, ranar tafiya Maradi da tsoro na tashi. Uwar mijina ta zo ta zauna da yara. A hanya muka iso shingen jandarmomi, aka ce kowa ya fito da katin shaida. Da jandarman ya karɓi nawa ya tsaya yana karantawa, na ce a raina shi ke nan, sunana na wurinsu. Ya miƙo mini katin ya wuce ga na gaba, ko fuskata bai kalla da kyau ba. Matar da ke kusa da ni ta ce baiwar Allah ko ba ki da lafiya ne, gumi na ta zubo miki. A buron sufeton na zauna a benci har aka kira ni. Mutumin ya saurare ni bai katse ni ba. Ya tambayi takarduna, na ciro abin da nake da shi: katin aiki mai hotona, da wata takardar horo da aka taɓa ba mu. Ya girgiza kai ya ce sun yi kaɗan, amma za a fara da su. Ya ce na yi sa'a da na zo yanzu, don irin wannan ƙara tana da wa'adi, in ya wuce ba abin da za a iya yi. Ko dala ba a karɓa a hannuna ba. Ya rubuta sammaci zuwa ga ƙungiyar, ya sa mana rana.

Ranar ta zo, ba wanda ya zo daga wajensu. Aka sake sa wata, suka aiko cewa wakilinsu ba ya ƙasar. Kowace tafiya sai na ranci kuɗin mota, kowace dawowa kuma sai in riƙa hango motar jandarmomi a ƙofar gidanmu tun daga bakin lungu. Tsakanin nan wani mutum da ban sani ba ya tare maigida bayan sallar Juma'a, ya ce shef na gaishe shi, kuma har yanzu madam na da damar janye ƙara kafin abu ya lalace. Maigida ya ce masa ya ji. Ni kuwa na kwana biyu ban iya cin abinci ba, har na ce masa ko dai mu haƙura. Ya ce in na haƙura yanzu, tsoron nan zai bi ni har kabari.

A zama na gaba suka zo: wata mata wakiliyar ƙungiyar daga Yamai, da shef a gefenta. Yaya ta nemi izini a wurin aikinta ta raka ni. Shef ya gaishe ni da fara'a kamar ba komai. Aka fara magana a kan ko ni ma'aikaciya ce ko ƴar sa kai, rabi da Faransanci rabi da Hausa. Ni kuwa ba na jin rabin abin da ake faɗa, jira kawai nake in ji an ambaci sito. Duk motsin da shef ya yi da jakarsa sai in ce takardar zai ciro. Da jiran ya ishe ni, na ga in ban yi magana ba zuciyata za ta buga. Na ɗaga hannu kamar ɗiyar lakwal, na ce: "Ranka ya daɗe, kafin a ci gaba, ina so a yi maganar katan-katan da aka ce na sata. In kama ni za a yi, a kama ni yau in huta." Wakiliyar ta juyo ta ce waɗanne katan-katan? Na faɗi abin da shef ya gaya mini bayan ya tura ƙofa. Yaya ta faɗi abin da ta gani ranar ƙirga. Wakiliyar ta ce su a wurinsu babu wani rahoton ɓatan kaya daga Tasawa, ba a kuma taɓa yin sa ba. Kowa ya zuba wa shef ido. Ya gyara zama ya ce madam ba ta fahimce shi ba ne, shi misali kawai ya ba ta.

Misali. Wata da watanni ina ɓuya, a kan misali. Ban yi ihu ba, ban zage shi ba, sai hawaye na zuba ba sauti. Har yau ban san dalilin da ya sa ya yi mana haka ba. Na ji maganganu iri-iri a gari, amma ban gani da idona ba, don haka ba zan faɗa ba. Abin da na sani, ba a daɗe ba aka rufe buron nasa, ya bar garin.

Ƙungiyar ta yarda ni ma'aikaciya ce, amma ta ce shekarun da katin aikina ya nuna kawai za ta lissafa, na farko babu shaidarsu. Sufeton ya bayyana mini cewa in ban gamsu ba ina iya wucewa kotu, sai dai zai ɗauki lokaci. Na duba halin da gidana ke ciki na sa hannu a kan abin da ya samu. Ko shi ɗin bai zo da wuri ba, sai da na sake yin zarya da kiran waya, har sanyi ya sake zagayowa kafin kuɗin su shigo. Muka fanshi gonar. Moto kam ya tafi, firji ma ban saya ba. Autata ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta makara wajen tafiya, kuma har yanzu in ta tsaya cikin sa'o'inta ita ce ƙarama. Dattijuwar nan ta ƙauye ba ta samu komai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi ta tunani a kan wannan abu, na gane cewa jinkirin biyan bai cuce ni kamar yadda shiruna ya cuce ni ba. Da na faɗa wa mutum ɗaya tak a makon farko, da ƙaryar ta watse tun hatsinmu bai ƙare ba. Don haka ina kira ga ƴan uwana masu aiki a ƙungiyoyi da kamfanoni da gidajen mutane, musamman mata: ku nemi takardar aiki tun ranar farko, ku ajiye duk wata shaidar albashi ko da ta yi kama da shara. In an sallame ku aka fara yau da gobe, kada ku zauna jira har wa'adi ya wuce, ku je inda doka ta tanada ku tambaya, tambaya ba laifi ba ce. In kuwa wani ya rufe ƙofa ya sassauta murya ya ce yana rufa muku asiri ne, ku fita ku faɗa wa mijinku, ko ɗan uwanku, ko abokin aikinku, tun ranar ba ta faɗi ba.

Yanzu a unguwarmu in an sallami wata daga aiki aka hana ta haƙƙinta, wurina ake turo ta. Ba ni da ilimin doka, abin da nake iya yi kawai shi ne in yafa mayafina in raka ta, in zauna kusa da ita a benci. In an kira sunanta, sai in riƙe hannunta, mu shiga tare.